Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan jihar Maradi: a damƙa ma masunta riƙon tabkin Madarunfa a rubuce

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe, tare da prefen Madarunfa, da shugabannin komin-komin da ke kewaye da tabki, da darektan muhalli na jiha da ma'aikatan gandun daji da ke ƙarƙashinshi, ina gaishe ku da aiki, Allah ya taya ku riƙo. Ni ɗan Maradi ne, dangin mahaifiyata kuma masunta ne na bakin tabki, da kuɗin kifi anka yi ma da yawa cikinmu ɗawainiyar lakwal. Na zaɓi in rubuta a fili don maganar ba ta mutum ɗaya ba ce, ina so masunta da mata masu banda su ji abin da anka faɗa a kansu, wanda ke da ƙari ya ƙara.

Abin da nike roƙo guda ne. A zauna da masuntan tabkin Madarunfa da sarakunan ruwa da matan da ke sayen kifi, a rubuta yarjejeniya, a sa hannu a buga kashe, wadda za ta ce su ne masu tsara yadda za a yi su cikin ruwan nan kuma su ne masu tsaronshi, gwamnati ta tsaya bayansu da ƙarfin doka. Takarda nike nufi wadda masunci zai iya fiddowa ya nuna ma duk wanda ya zo, ko da an canza prefe ko an canza darekta.

Kun san tabkin nan, ranka ya daɗe, kamar kilomita 25 ne kudu da birni. In ruwa ya cika yakan kai wajen hekta 800, da rani ya ja baya sosai, kuma duk jihar nan babu ruwan da ke kwana shekara mai girmanshi. Gulbin Gabi da Gulbin Maradi ke ba shi ruwa. Ga kushewun waliyyai 99 da mutane ke zuwa ziyara, ga tsuntsaye baƙi da ke sauka lokacin sanyi, shi ya sa ma a 2019 anka sa shi cikin jerin wuraren dausayi masu daraja na duniya na yarjejeniyar Ramsar. Amma ga mutanen Ɗan Tudu da Gamji da Saulawa da sauran garuruwan bakin ruwa, tabki shi ne abin cefane. Karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa da ragon ruwa da bargi da gaiwa, su ne kuɗin magani, su ne kayan ɗakin ɗiya, su ne ke riƙe gida in hatsin rumbu ya ƙare tun kafin a yi shuka.

To kifin nan yana ƙanƙancewa, duk wanda ke zuwa bakin ruwa da safe lokacin da ake fitowa da kamu ya gani da idonshi. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Tun da anka gama madatsar ruwa ta Jibiya a jihar Katsina farkon shekarun 1990 gulbi bai ƙara zuwa yadda ya saba ba, rairayi kuma yana ta gangarowa daga gonakin da anka sassabe har gaɓa yana cike gindin tabki, masu su sun ƙaru don samari ba su da wata sana'a, sannan ga babbar ɓarna, raga mai ƙananan ido. Akwai mai ja da sange, gidan sauron da anka raba don kare yara daga zazzaɓi, ya kwashe ɗan kifin da bai kai ɗan yatsa ba. Karfasa macen ce ke riƙe ƙwanta a baki har ya ƙyanƙyashe, in ka kama ta a lokacin ka kashe ɗaruruwa a hannu guda. Tarwaɗa kuwa sai ruwan damina ya hau ciyawa take shiga ta zuba ƙwai, bargi ma cikin ciyawar yake yin sheƙa, kuma daidai lokacin nan ne kamunsu ya fi sauƙi. Wanda ya kwashe su a nan daidai yake da manomin da ya daka irin shukarshi ya yi tuwo.

Kuma kar a ce jahilci ne, wallahi sun fi kowa sanin haka. Tambayi duk masuncin da ka gani da ƙaramar raga, zai ce maka in na bari wani zai kama, yarana kuma ba su san jira ba. Gaskiyarshi ne. Mutum ba ya haƙura da kifin yau sai ya tabbata kowa zai haƙura tare da shi, kuma sai ya tabbata in kifin ya girma shi zai kama ba wani baƙo mai tulin raguna da zai zo da takardar izini daga sama ba. Nan gizo ke saƙar, kuma nan ne ma'aikaci komi ƙoƙarinshi ba ya iya kaiwa. Ma'aikatan gandun daji nawa ne a Madarunfa, ga daji ga ruwa ga itace ga namun dawa duk a wuyansu, wane babur ne zai kewaye tabki ƙarfe ukun dare? Amma maƙwabcinka ya san lokacin da ka ɗauki gora ka fita, ya san idon ragarka yatsa nawa ne, matarshi ta ga abin da matarka ta shanya. Sarkin ruwa tun kaka da kakanni aikinshi ke nan, ya rufe ruwa ya buɗe, ya raba rigima, ya karɓi baƙo ya faɗa mishi sharaɗi. Ikon nan ya yi rauni ne don yau in ya hana mutum, mutumin sai ya ce mishi ina takardarka, ni ga parmi na.

Zan faɗi abin da ya fi ci mani rai, kuma ba da wata ƙungiya nike ba, ɗabi'a ce da ta zama jiki. Furoje zai zo da mota kat-kat, a ce ana son gurupma ta masunta kafin ranar kaza. Cikin sati guda a haɗa sunaye, a naɗa shugaba da sakatare da ma'aji, galibi waɗanda sunka iya Faransanci ko sunka fi kusa da masu faɗa a ji, a yi agirima, wato takardar amincewar hukuma, a kai su atiliye birni a ba su kuɗin zama, a raba raguna da kwalekwale a ɗauki hoto, a kafa allo bakin hanya. Shekara uku furoje ya naɗe tabarmarshi, gurupma ta mutu ranar, sai allon da takarda cikin leda. Wani furoje ya zo, maimakon ya tambayi wa ke nan, sai ya kafa tashi sabuwa da wani suna. Ka iske gari guda ƙungiya uku, mutanen su ne dai, kowace tana jiran mai ba ta. Abin da wannan ya koya ma mutane shi ne ƙungiya hanyar karɓar kaya ce, to ranar da ka ce a kawo dala ashirin-ashirin na asusu sai a dube ka a ce ai mu ake ba. Wannan ɓarnar ta fi ta sange, don ita zuciya take lalatawa, kuma tsofaffinmu sun ga irinta tun zamanin gyaɗa, lokacin da anka kafa UNCC, hukumar rance da koperatif ta ƙasa, a 1962 ana jera manoma cikin koperatif daga sama. Dokar koperatif ta 2010 ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na ƙasashen Afirka da dama, ta sauƙaƙa, mutum biyar ma sun isa su kafa ƙaramar koperatif, amma sauƙin takarda bai taɓa sa mutane sun yarda da juna ba.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwar rubuta wagga wasiƙa shi ne mu a Maradi ba sai an kawo mana misali daga wata ƙasa ba. A nan jihar ne a 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara. Ba a ba matan nan jari ba, su ke zubi kowane sati daga ɗan abin da ke hannunsu, su ranta ma junansu, su sa ma kansu tara in mutum ta makara, a ƙirga kuɗi gaban kowa da babbar murya. Yau tsarin nan ya bazu ƙasashe da dama na Afirka har da wajenta, kuma a ƙauyukanmu asusun yana tafiya inda rabon da a ga ma'aikacin furoje an manta. Me ya riƙe shi? Kuɗinsu ne, dokarsu ce, kuma wadda ta ci amana gobe za ta haɗu da sauran a bakin rijiya.

Sai sassaben zamani. A shekarun 1980 gonakin jihar nan sun zama fili fetal, an yi ta dasa itace da kuɗin waje suna mutuwa, manomi kuma yana tsoron barin icce a gonarshi don a ganinshi na gwamnati ne, in ya sare reshe a ci shi tara. Da anka fara barin tohon kututture ana gyara shi, kuma manomi ya gane iccen nan nashi ne shi zai ci moriya, sai abin ya kama da kanshi daga gona zuwa gona, har ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 tsakanin Maradi da Damagaram. A Ɗan Saga ta Agye mutanen gari sunka kafa kwamitin tsaro da kansu, da mata da makiyaya a ciki, su ke kama mai sara da dare. Gwamnati daga baya ta biyo su, a 2020 ta fitar da dokar da ta tabbatar ma manomi haƙƙin iccen da ya raina. To ranka ya daɗe, abin da anka yi ma manomi da gawo da kalgo shi nike roƙo a yi ma masunci da karfasa. Ma'aikatar ma guda ce, ita ta ga amfanin abin da idonta.

Kuma ƙofar doka a buɗe take. Dokar kamun kifi ta 1998 an sabunta ta a 2021 an haɗa da kiwon kifi, ƙa'idojin 2014 na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kan ƙananan masunta su ma sun tsaya a kan a yi riƙon ruwa tare da masu cin abinci a cikinshi. Ba wanda ya ce gwamnati ta saki ruwa, ruwa na ƙasa ne. Riƙon yau da gobe ne ake so ya sauko.

Yarjejeniyar da nike magana, masunta ne za su cika ta da bakinsu, amma ga abin da na san za su kawo. Za su ce a rufe kamun kifi lokacin da kifi ke ƙwai da damina, su ne za su faɗi daga yaushe zuwa yaushe don sun fi kowa sanin ruwan, kuma Allah ya sa lokacin ya zo daidai da aikin gona tunda yawancinsu manoma ne. Sai dai lokacin ne kuma na yunwa, don haka rufe ruwa ba tare da bankin cimaka ko asusun da mutum zai ranta ya ci ba, wasa ne, ranar da yaro ya kwana da yunwa uban zai shiga ruwa ko da soja ke gadi. Za su ce ido yatsa kaza ne mafi ƙanƙanta, a hana sange da taru mai share ƙasa da zuba magani a ruwa, a ƙayyade yawan tarkon gura da igiyar ƙugiyoyi ta mamari da mutum guda zai kafa, a ware wani lungu mai ciyawa da ba mai jefa birgi cikinshi rani da damina. In kwamiti ya kama mutum, ya karɓe ragar gaban shaidu ya kira ma'aikaci, ma'aikaci ya zo ya tabbatar, kar a wayi gari an maida ma mutum kayanshi don ya san wani. Sau ɗaya in anka yi haka kwamitin ya mutu, ba wanda zai sake ɓata da maƙwabcinshi a banza.

Sai kuɗi, don a nan ake gane ko da gaske ake. Masunci yana biyan parmi, to wani kaso sananne na kuɗin nan da na tara ya riƙa tsayawa a asusun ƙungiya, rubuce cikin yarjejeniya, da rasit. Wannan ma ba baƙon abu ba ne, tun dokar 1992 ta kasuwannin itace na karkara ake raba harajin icce tsakanin mutanen gari da ƙaramar hukuma da baitulmali, an yi shi nan dajin Baban Rafi. An samu tangarɗa a wurare, amma an koyi darasi, kuma darasin na nan hannun ma'aikatanku. Da kason nan da zubin ƴan ƙungiya za a iya sayen ƴaƴan kifi a zuba kowace shekara ba sai an jira furoje ba, a Madarunfa da Kurfin Kura da ƙananan tabkunan da ke ƙafewa da rani, inda in an zuba tarwaɗa da karfasa farkon cikar ruwa ake kwashe su da girma kafin ruwa ya janye. Kifin da mutum ya sa kuɗinshi anka zuba ba ya barin a kwashe shi yana ƙarami.

Mata kuma kar a sa su don cika lissafi, a ce ga mace biyu cikin biro a rufe baki. Kifi in ya fito ruwa hannunsu yake faɗawa, su ke fiɗa, su ke suya, su ke banda cikin hayaƙi har idanu su lalace, su ke ɗauko shi a kan kabu-kabu zuwa babbar kasuwar Maradi da Ɗan Isa da Jiratawa. Da yawa cikinsu su ke ranta ma masunci kuɗin raga. In matan nan sunka haɗa baki sunka ce ba mu sayen ɗan kifin da bai kai kaza ba, an gama da sange ba tare da an kama kowa ba, don ba mai wahalar kama abin da ba shi da mai saye. Kuma su ne sunka riga sunka iya riƙon asusu, ni da za a bi tawa ma'ajin ƙungiya mace za a ba. Abin da suke buƙata sananne ne, ƙanƙara ko firigo mai aiki da hasken rana don kar zafin watan Afrilu ya tilasta musu karyar da kaya kafin azahar, da murhun banda irin na Corkor da anka fara a Gana mai cin icce kaɗan. Amma a tambaye su tukuna ina za a aje, wa zai riƙe makulli, nawa za a riƙa biya don gyara, kafin a sauke kaya.

Ƴan uwana masunta, ku ma ina da magana da ku, iyayena ne ku da kawunnaina, ku yi mani haƙuri. In anka ba ku riƙon nan kunka bar mutum uku masu kwalekwale da yawa sunka mallake shi, ko kunka maida shi na gidan sarauta kaɗai, ko na ƴan wata jam'iyya, to ƙaramin masunci mai gora guda zai gwammace zamanin da. A yi zaɓe a fili da wa'adi, a karanta lissafi da Hausa gaban kowa bayan kowane wata uku, doka ta hau ɗan sarkin ruwa kamar yadda za ta hau kowa. Baƙin masunta da ke zuwa daga Najeriya ko daga wasu jihohi kar a kore su, mu ma namu suna tafiya ci-rani ruwan wasu, a yi musu rajista a faɗa musu sharaɗi su biya abin da kowa ke biya. Kuma tabki ba naku ba ne ku kaɗai, Fulani na shayar da dabbobi, masu garka na ja da injin, mata na wanki, duk a ba su wurin zama cikin shawara tun farko, hukumar filaye ta kofo ta shata burtali da mashaya kowa ya sani. Masuntan Kayar a Senegal a 1994, bayan an karya darajar sefa, su da kansu sunka ƙayyade yawan akwatin kifin da kowane jirgi zai sauke a wuni don farashi ya tsaya, sunka kuma hukunta nasu da ya saɓa. Mutane ne kamar ku.

Akwai kuma abin da ko masunta sun haɗa kai kamar me ba su iyawa, wannan naku ne ranka ya daɗe. Maganar sakin ruwan Jibiya tsakanin ƙasa da ƙasa ce, akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan da Nijar da Najeriya sunka haɗa, Gulbin Maradi na cikinta, akwai hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, kuma ku da Katsina ba baƙin juna ba ne. A riƙa tada maganar, a riƙa sanar da mutanen gulbi lokacin da za a saki ruwa. Yashe tabki da toshe kwazazzaban da ke kawo rairayi aikin manyan injina ne da kuɗi mai yawa, ƙungiya za ta kawo hannu da dashen itace a gaɓa amma ba ta da katafila. Sai tsaro, don yankin Gabi da bakin iyaka kowa ya san halin da ƴan bindiga sunka sa mutane, mai tsoron kwana gidanshi ba ya fita gadin ruwa da dare. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo kuma tana nan cikin gari da ɗalibai masu neman abin bincike, a haɗa su da ƙungiya, a ba yaran masunta da sunka yi lakwal sikeli da littafi su riƙa rubuta kamun kowace safiya, nau'i da nauyi, don bayan shekara biyu in an ce rufe ruwa ya yi amfani ko bai yi ba a faɗa da hujja, kuma littafin ya zauna hannun ƙungiya.

Ina roƙon ku sa a kira zaman farko kafin ruwan damina mai zuwa ya sauka, a bakin tabki, da Hausa, ba kuɗin zama, a gayyaci sarakunan ruwa na duk garuruwan da mata masu banda da makiyaya da masu garka, mai martaba sarkin Madarunfa ya zauna a matsayin uba, a sa rediyon gari ta watsa don wanda bai zo ba ya ji. Duk wani furoje da zai shigo da sunan kifi daga yau a ce mishi ga ƙungiyar da ke nan, da ita za ka yi aiki, ba a kafa sabuwa. Ma'aikatanku su zo da dokar 2021 a hannu su fassara ma mutane abin da ta yarda da abin da ta hana, sauran a bar masu ruwa su faɗa a rubuta.

Allah ya ba ku ikon dubawa, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya.

Wassalam.

Naku, ɗan Maradi, jikan masunta.